Gocewa ko shigewa jiki: idan mai wurga naushi ya taso maka

Wanda ya taso yana wurga hannu ta ko'ina, ƙarfinsa yana ƙarshen dunƙulensa, daidai inda hannun ya gama miƙewa. Tsayuwa a nan ce haɗarin. Ko dai ka fita daga inda hannunsa ke kaiwa, ko ka shige masa jiki.

Ja da baya jiki ke yi da kansa, amma in ka koma a miƙe ya fi ka sauri: shi gaba yake yi, kai ba ka ganin bayanka. Tuntuɓe ɗaya, ƙeya ta daki siminti, kuma sau da yawa faɗuwar ce ke kisa, ba naushin ba. Gara ka riƙa gocewa gefe, hannaye sama, haɓa a ƙirji. Mai irin wannan duka ba ya daɗewa bai fara haki ba. Da ka ga ƙofa, ka ranta a na kare.

Shigewa jiki kuwa sai da ƙarfin hali. Ka kare kanka da damatsa, ka faɗa ƙirjinsa, ka ƙanƙame hannayensa, goshinka manne da kafaɗarsa. Naushin da zai fasa maka baki sai ya ƙare a gadon bayanka, ba nauyi. Amma in da wuƙa a jikinsa, ka kai kanka. In ya fi ka ƙarfi zai maka ka da ƙasa, in kuma da abokansa, bayanka a buɗe yake.

Ni dai muddin da fili, gocewa na zaɓa. Runguma sai bango ya tare ni, ita ma don in ture shi in wuce.