Nutso a Bahar Maliya: Ras Muhammad da jirgin Thistlegorm

Idan aka tambaye ni ko tafiyar nutso a arewacin Bahar Maliya ta biya kuɗinta, zan ce ta biya, amma fa sai a jirgin da ake kwana a cikinsa. Daga Sharm el-Sheikh ta ƙasar Masar muka tashi, kuma tun a rana ta farko jagoranmu ya duba takardar shaidar koyon nutso ta kowa. Mai shaidar matakin farko iyakarsa zurfin mita 18, bai yarda kowa ya ƙetare ba ko da taku ɗaya. Wasu sun yi gunaguni. Ni kuwa daga nan hankalina ya kwanta da shi.

Ras Muhammad, gaɓar teku a ƙarshen kudancin yankin Sinai wadda gwamnatin Masar ta killace tun 1983, ta cika sunanta. Murjani ne jajaye da shunayya manne a jikin bangon dutse da ya gangara har inda ido ba ya kaiwa, ga ƙananan kifaye ruwan lemo sun yi dafifi kamar ana yayyafi. Ruwan yana ja sosai a wurin, don haka ba a kokawa da shi, bin sa ake yi. A gefen da ake kira Yolanda kuma har yanzu ga kayan banɗaki da bahon wanka zube a ƙasa, daga wani jirgin ruwa mai wannan suna da ya nutse a 1980.

Thistlegorm ne ya kawo ni. Jirgin dakon kaya ne na Birtaniya da jiragen saman Jamus suka jefa wa bam a watan Oktoba na 1941, yana ɗauke da kayan yaƙi, mutum tara suka rasu. Yana kwance a zurfin kusan mita 30. Da muka shiga cikinsa da fitilu sai ga babura a jere, ga motocin Bedford da tayoyinsu, ga bindigogi da takalman roba. A waje, can kan yashi, ga kawunan jirgin ƙasa guda biyu da ƙarfin fashewar ya wurgar. Kafin mu sauka jagoran ya tuna mana cewa kabarin mutane ne, kada wanda ya taɓa komai. Wallahi na ji nauyin wannan magana a ƙirjina ina ƙasan ruwan.

Da asuba muka sauka, wurin namu ne mu kaɗai. Zuwa hantsi jiragen yini sun iso, igiyoyi ta ko'ina, kumfa ta rufe gaba, wasu ma na dafa babura don a ɗauke su hoto. Abin ya sosa min rai, domin iskar da masu nutso ke fitarwa tana taruwa a rufin jirgin ta ƙara masa tsatsa, igiyoyin da ake ɗaurawa kuma suna karya ƙarfen da ya riga ya tsufa.

Kayan haya ba su gamsar da ni gaba ɗaya ba. Rigunan nutson sun tsufa, tabarau na yoyo, gara mutum ya zo da nasa. Amma tukwanen iska kullum a cike suke, ba a taɓa tsallake tsayuwar minti uku a mita biyar kafin fitowa ba, kuma masu jirginmu sun tsara nutson ƙarshe yadda kowa zai sami kwana guda cur kafin ya hau jirgin sama.