Rotax 912: injin da nake gyarawa kullum, wanda ya ɗauki Bayraktar TB2

Shekara tara ke nan ina aikin kanikanci a wani ƙaramin filin jirgin sama, kuma yawancin ƙananan jiragen da ke zuwa hannuna, masu kujera biyu, Rotax 912 ne a hancinsu. Da aka fara maganar jirage marasa matuƙi, Bayraktar TB2, da Nijar da Najeriya suka saya daga Turkiyya, wani ƙanena ya tambaye ni wane irin gagarumin inji ne a cikinsu. Na ce masa: "Ƙane, dangin wanda ka tarar ina wankewa ranar Asabar ne." Bai yarda ba sai da na buɗe murfin na nuna masa.

A garin Gunskirchen na ƙasar Ostiriya ake ƙera shi, tun 1989, kuma kamfanin BRP na Kanada ne mai masana'antar. Silinda huɗu ne a kwance, biyu nan biyu can. Ruwa ke sanyaya kawunansu, iska ke sanyaya jikinsu. Samfurin da na fi taɓawa ƙarfin doki 100 gare shi, yana juyi har sau 5,800 a minti, sai giya ta rage gudun kafin ya kai ga farfela. Mutum biyu na ɗaga shi ba tare da nishi ba.

Abin da ya sa nake ƙaunarsa shi ne haƙurinsa. An ƙayyade masa awa 2,000 kafin a sauke shi a yi masa babban gyara, kuma wanda ake kula da shi yana kaiwa. A tafiya ta hankali, wajen lita 17 na ga yana sha a awa guda. Yana kuma karɓar fetur ɗin mota mai kyau, har ya fi son sa a kan man jirgi mai dalma, wanda ke tara dauɗa a giya ya sa a riƙa juye baƙin mai da wuri.

Yana da wata ɗabi'a da nake koya wa duk yaron da ya zo koyon aiki. Baƙin mansa a wani tanki daban yake zama, don haka kafin ka auna, sai ka kashe komai, ka buɗe murfin tankin, ka riƙa juya farfela da hannu a hankali har ka ji ya yi gyatsa, ƙululu, kamar jariri ya ƙoshi da nono. Sannan ne man ya komo, ma'aunin zai faɗa maka gaskiya. Wanda ya yi gaggawa zai ga mai ya yi ƙasa, ya ƙara, ya cika shi fiye da kima.

Sau ɗaya ya taɓa tayar mini da hankali, kuma ba laifinsa ba ne. Wani mai mai ya kawo mana jarkoki da ruwa a gindinsu. Muna gwaji a ƙasa injin ya fara tari. Na kwance kwanon kafireto na tarar da ɗigon ruwa yana yawo a ƙasan fetur kamar ƙwayar ido. Tun ranar ba na zuba mai sai ta matata. Ƙurar hunturu ma tana sa ni duba matatar iska fiye da yadda littafi ya ce.

To, me ya kai injin 'yan shawagin nishaɗi fagen yaƙi? Jirgin leƙen asiri ba gudu yake nema ba, daɗewa yake nema. TB2 na iya yin awa 27 a sama, kuma sai inji mara nauyi mai tsimin mai ke ba da wannan. Amurka ma ɗan'uwansa Rotax 914, mai turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), ta sa a jirginta mara matuƙi mai suna Predator.

Amma doki 100 doki 100 ne. Kayan da TB2 ke ɗauka ba su wuce kilo 150 ba, kuma idan aka yi sama sosai iska na yin siriri, inji mara turbo ya rasa numfashi. Ga shi fetur yake sha, alhali sojoji sun fi son man jirgi irin na kananzir, mai wuyar kama wuta, musamman a kan jirgin ruwa. Shi ya sa Reaper, magajin Predator, ya zo da injin Honeywell TPE331 mai kusan doki 900, Akinci kuma, babban jirgi mara matuƙi na Turkiyya, ya fara tashi da injunan Ivchenko-Progress na Yukren.

Babban abin da ya tsaya mini a rai ya faru ne a Oktoban 2020, lokacin yaƙin Nagorno-Karabakh tsakanin Azerbaijan da Armeniya, inda aka yi amfani da TB2. BRP ya sanar da dakatar da aika injuna zuwa ƙasashen da bai tabbatar da abin da suke yi da su ba, yana cewa don farar hula ya ƙera su. Turkawa sun zana jirgi, sun haɗa na'urorinsa, amma injin a hannun wani yake. Sun ci sa'a kamfaninsu TEI da ke Eskisehir ya riga ya yi nisa da PD-170, injin dizal mai doki 170 da ke ƙona man jirgi, shi ne yanzu a cikin TB3, jirgin da ya biyo bayan TB2. Duk da haka Kizilelma, jirginsu na yaƙi mara matuƙi wanda ya fara tashi a Disamban 2022, da injin jet na Yukren ya tashi, ƙasar da ke cikin yaƙi.

Mu ma a Najeriya mun ƙaddamar da namu jirgin mara matuƙi, Tsaigumi, a Kaduna a 2018, na kuma yi murna ƙwarai. Sai dai ni da nake riƙe fistin a hannu na san wuyar aikin tana wajen narka ƙarfen da zai jure zafi awa dubbai, da sassaƙa shi daidai da gashin kai, da gwaji na shekaru. Nan nake so in ga an zuba kuɗi.

Ga mai ƙaramin jirgi da ke neman shawara, ya sayi injin nan, zuciya ɗaya nake faɗa. Ya tanadi filogi takwas, don kowace silinda biyu take ci, ya nemi kayan gyara tun kafin buƙata ta taso, kuma kada ya yarda kowa ya zuba masa mai ba a tace ba.