AfJEM ko Ghana Medical Journal: ina za ka kai takardarka?

Ƙanena Dakta, wannan binciken naka na raunukan haɗarin pragya (keken haya mai ƙafa uku na Gana) da kake tambaya ko AfJEM (African Journal of Emergency Medicine) za ka kai shi ko Ghana Medical Journal, kai shi AfJEM kawai, ka huta da wasi-wasi.

Tunda abin da ya dame ka shi ne a riƙa ambaton aikin a takardun wasu masu bincike, to tambayi kanka wa zai ambace shi. Likitan gaggawa ne a Kamfala da 'yan boda-boda (acaɓa) suka cika masa gadaje, da na Kano mai fama da haɗarin a-daidaita-sahu, da ɗalibin da ke rubuta kundinsa a Darussalam. Waɗannan duk AfJEM suke buɗewa, don ita ce mujallar ƙungiyar likitocin gaggawa ta Afirka tun 2011. Kamfanin Elsevier ke buga ta, karatunta kyauta ne, kuma tana cikin PubMed da Scopus, rumbunan da masu bincike ke neman takardu a cikinsu. Mai kayan miya ai layin 'yan kayan miya yake kasa kayansa a kasuwar Kejetia ta Kumasi, ko da layin 'yan atamfa ya fi tsafta.

Ni can na kai aikina na farko, a kan yaran da ake kawo mana cikin dare da zazzaɓi mai tsanani. Bayanan na da kyau, rubutun ne ya zo a hargitse. Editan bai kore ni ba, sai ya haɗa ni da tsarinsu na Author Assist, inda wani gogaggen mai bincike ke kama hannun sabon marubuci don Allah. Wadda aka ba ni ta dawo min da daftarin jajawur da gyara, har na ji kunyar buɗe shi gaban yaran sashenmu. A gefen jadawali na biyu ta rubuta tambaya guda: yaran da babu awon hawan jininsu a fayil, ina na kai su? Ashe na zubar da su ne ban faɗa ba. Da na dawo da su na bayyana adadinsu, sai wannan giɓin ya zama abin da ya fi komai muhimmanci a takardar, domin ya nuna cewa madaurin awo na yara ne babu a wurin karɓar marasa lafiya. Har yau idan Google Scholar ya turo min sanarwar an ambaci takardar, yawanci wannan sakin layin ake jingina da shi, kuma masu ambaton mutanenmu ne na Afirka.

Akwai wani abu nasu da ke burge ni. Suna sa ka rubuta, a layi biyu zuwa uku, amfanin aikin ga Afirka, sannan ka faɗi yadda ka mayar da sakamakon ga mutanen wurin da ka yi binciken. Kai da kake aiki a Gee, wato asibitin Komfo Anokye na Kumasi, ma kana da gata, don rahoton yadda aka shigo da ma'aunin tantance marasa lafiya na Afirka ta Kudu, mai ja da ruwan lemo da rawaya da kore, cikin sashen gaggawa na Komfo Anokye a AfJEM ya fito a 2014. Masu karatunta sun san Kumasi, sun san nan aka fara horar da ƙwararrun likitocin gaggawa na Gana a 2009. Ba sai ka ɓata shafi guda kana gabatar da kanka ba.

Ghana Medical Journal kuwa dattijuwa ce, tun 1962 ƙungiyar likitocin Gana ke fitar da ita, tana PubMed, babu mai raina ta. Amma ta kowa da kowa ce, takardarka za ta zauna tsakanin ta ciwon suga da ta haƙori.

Na san wani a nan zai ce makin tasirin AfJEM bai taka kara ya karya ba idan aka jera ta da Intensive Care Medicine ko Lancet. Gaskiya ne. Sai dai wannan maki matsakaicin ambaton takardun mujalla ne na shekara biyu, kuma 'yan takardu ƙalilan ke jan sa sama. Irin aikin da manyan nan ke rububi shi ne kamar gwajin FEAST na Kathryn Maitland a 2011, yara sama da 3,000 a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, wanda ya nuna ƙarin ruwa ta jijiya da sauri ga yara masu zazzaɓi mai tsanani na ƙara mace-mace. Naka fayil ne na asibiti guda. Abin da kwamitin ƙarin girma zai leƙa a kanka shi ne ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005: idan h ɗinka 5 ne, kana da takardu 5 da aka ambaci kowace aƙalla sau 5. Kuma kada ka firgita idan ka ga lambar Scopus ta gaza ta Google Scholar. Shi Scholar har kundin ɗalibai da daftarin da ba a tantance ba yake ƙirgawa.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma sai na faɗa. Da zarar sunanka ya fito a takarda ɗaya, saƙonni za su fara yi maka ruwa a imel: sun karanta aikinka mai daraja, za su buga na gaba cikin kwana bakwai, turo dala kaza. Wasu ma yanzu suna da dillalai a nan gida, suna bi ta WhatsApp suna karɓar sidi ta momo, wato tura kuɗi ta waya. 'Yan damfara ne. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya ƙirƙiri takardar bogi cike da kurakurai ya tura wa mujallu 304, 157 suka karɓa. A 2019 wata kotu a Amurka ta ci kamfanin buga mujallu na OMICS tarar sama da dala miliyan 50 saboda yaudarar marubuta. Akwai kuma masu satar sunan mujallar gaskiya su buɗe shafi mai kama da nata sak, da masu cewa za su sayar maka da ambato hamsin, ko su saka sunanka a takardar da ba ka taɓa gani ba. Ranar da aka janye irin wannan takarda, sunanka na nan a jikin sanarwar har abada. Duk mujallar da ta ce tana Scopus ko DOAJ (jerin mujallun da ake karantawa kyauta), shiga can da kanka ka nemo ta, kada ka yarda da tambarin da ta manna a shafinta.

Kafin ka tura, buɗe ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, kyauta ne, ka tsayar da rubutun sunanka iri ɗaya. Mu 'yan Zango wannan na cutar da mu: yau Mohammed, gobe Muhammad, jibi Mahama, sai ambaton mutum ɗaya ya rabu gida uku. Lambar izinin kwamitin ɗa'ar bincike ta kasance a hannunka, don za su nema. Batun kuɗin bugawa kuma karanta shi a shafin mujallar kanta, ka nemi sassauci tun lokacin turawa.

Turo min daftarin ta keɓe, da jadawalan duka. Gobe bayan Isha'i ba ni da aikin dare, zan duba.