Sharhi a kan fensiran Castell 9000 a hannun ɗalibin zane

Gwangwanin fensiran Castell 9000 na kamfanin Faber-Castell, mai ɗauke da fensir 12 daga 8B zuwa 2H, shi ne kayan aikin da na fi dogara da shi tun da na fara karatun zane a jami'a. Kamfanin tsoho ne, domin an kafa shi a shekarar 1761 a garin Stein da ke kusa da Nuremberg a ƙasar Jamus, shi kuwa wannan koren fensir ya fito kasuwa tun 1905. Ni dai abin da ya sa na saya shi ne nacewar malamanmu a kan cewa sai ɗalibi ya san bambancin fensir mai tauri da mai laushi a hannunsa kafin a bar shi ya taɓa fenti.

Bakin fensir haɗi ne na girafait, wato baƙin ma'adinin da ke barin layi a kan takarda, da yumɓu, dabarar da wani Bafaranshe mai suna Nicolas-Jacques Conté ya fito da ita a 1795. Idan yumɓu ya yi yawa, fensirin yakan yi tauri, layinsa ya fito da haske, shi ne mai alamar H. Idan kuwa girafait ya rinjaya, sai ya yi laushi da baƙi, shi ne mai alamar B. Abin da ya fi burge ni a waɗannan fensira shi ne yadda matakan suke bin juna a tsare, ta yadda idan na ajiye 2B na ɗauki 3B na san gwargwadon duhun da zan samu tun kafin bakin ya sauka a kan takarda. Ban taɓa cin karo da tsakuwar nan da ke karce takarda ba, wadda duk wanda ya yi zane da fensir mai araha ya san takaicinta. Kuma da yake an manne bakin da katakon tun daga sama har ƙasa, nakan fiƙe shi da reza ya yi tsawo sosai ba tare da ya karye ba, abin da ke ba ni damar kwantar da shi in shimfiɗa inuwa da gefensa.

Na gwada su sosai a zanen kayan da ake jera mana a kan tebur, irin su tulu da ƙwarya da kwalba da ƙyallen da aka yi wa ninki. Tsarin da ya fi karɓata shi ne in fara fitar da siffa da 2H a hankali, ba tare da dannawa ba, domin fensir mai tauri yana huda rami a takarda, kuma wannan rami yakan fito fari fat a cikin inuwa daga baya, babu abin gogewar da zai gyara shi. Daga nan sai in jera layuka kusa da juna da HB, wanda ke tsakanin H da B, in gicciya su da 2B, in bar 6B sai wuraren da duhu ya fi yawa, kamar bakin tulu da ƙarƙashinsa. A nan na lura cewa 2B ɗin wannan gwangwani ya ɗan fi na wasu kamfanoni tauri da haske, don haka tsininsa yakan daɗe, kuma layuka suna fita tsaf. Mai son murza inuwa ta yi sumul zai fi jin daɗin amfani da naɗaɗɗiyar takarda maimakon yatsa, saboda maiƙon hannu yana barin tabo.

Inda fensirin ya tsaya shi ne baƙi na ƙarshe, kuma wannan hali ne na girafait ko na wane kamfani. Duk yadda aka maimaita 8B a wuri guda, abin da za a samu shi ne toka mai ƙyalli, wadda ke walƙiya idan haske ya bugo ta daga gefe, har ta ɓata hoton zanen idan an ɗauka da waya. Wannan ne ya kai ni ga gawayi. Gawayin reshen itace yana da laushi, yana gogewa da ƙyalle kawai, ya kuma dace da babban zane da ake yi a tsaye. Wanda aka niƙa aka matse da ƙaro kuwa ya fi baƙi da riƙo, kusan haɗin da ake yi wa tawadar allo ke nan. Idan za a haɗa su a zane ɗaya, dole gawayin ya fara sauka, domin ba ya zama a kan santsin girafait.

Takarda ce ta fi ba ni mamaki. A kan takardar hoto-kwafi mai nauyin giram 80 a kowace murabba'in mita, wadda yawancinmu muke fara aiki da ita saboda sauƙin kuɗi, da ƙyar ake bambanta 4B da 6B, domin ba ta da kaushin da zai kama girafait, kuma gogewa kaɗan take tashi. Da na koma kan takardar zane mai giram 160 zuwa 200, sai fensiran nan suka nuna abin da aka biya kuɗi dominsa, inuwa ta riƙa hawa mataki-mataki, abin gogewa mai danƙo da ake murzawa da yatsu kuma ya riƙa ɗauke haske a jikin kwalba ba tare da ya cinye fuskar takardar ba.

Idan na buɗe gwangwanin yanzu, 2H da HB da 2B da 6B sun koma guntaye, amma F da H da 7B suna nan kusan da tsawonsu. Ɗalibin da aljihunsa bai da nauyi zai fi cin riba idan ya sayi waɗannan huɗun ɗai-ɗai, ya zuba ragowar kuɗin a takarda mai kyau da ɗan gawayi. Cikakken gwangwanin ya fi dacewa da mai zanen fuskar mutum, wanda ke bukatar kowane ƙaramin mataki tsakanin hasken goshi da inuwar ƙarƙashin haɓa.