Deadpool ko The Tick: wanne ya fi iya yi wa jarumai ba'a?

Ɗan'uwa, ka ce ka gaji da jaruman littattafan zane masu ɗaure fuska kullum suna ceton duniya, kana son wanda ke yi wa harkar dariya. An ba ka sunan Deadpool da The Tick, kana tambayar da wanne za ka fara. Duka biyun ba'a suke yi, amma ba ta hanya ɗaya ba.

Deadpool ya san cewa shi zane ne a kan takarda. Yakan juyo ya yi maka magana kai mai karatu, ya yi gardama da akwatunan rubutun da ke ɗauke da tunaninsa, har ya yi wa marubucinsa ƙorafi. Ba haka ya fara ba. Lokacin da Rob Liefeld da Fabian Nicieza suka fito da shi a littafin New Mutants na kamfanin Marvel, fitowa ta 98 a 1991, mugu ne sojan haya mai surutu, shi ke nan. Ko da yake tun a sunansa akwai tsokana: sunansa na ainihi Wade Wilson, alhali kamfanin DC na da sojan hayarsa Deathstroke mai suna Slade Wilson. Joe Kelly ne ya mai da shi ɗan barkwanci sosai daga 1997. Dubi fitowa ta 11 ta jerin Deadpool da Kelly ya rubuta. An jefa Deadpool baya cikin wani tsohon labarin Spider-Man na 1967, ya ɓad da kama ya zama Peter Parker, wato Spider-Man ɗin kansa, tsohuwar makauniyar da ke zaune da shi, Blind Al, ta zama Anti May, mai riƙon Peter. Aka kwaikwayi tsoffin shafukan nan, aka sa shi a ciki yana yi wa askin kan Osborn, abokin gabar Spider-Man, da ɗansa tsiya. Wanda ya san tsohon labarin zai yi dariya har cikinsa ya ƙulle. Wanda bai sani ba kuwa rabin abin ya wuce shi, kuma yawancin raharsa haka take, sai kana da jari a tarihin Marvel kafin ka ci ribarta.

The Tick bai san komai ba. Ƙato ne shuɗi mai eriya biyu a ka, duka ba ya yi masa komai, kuma ya yi imani da jarumtarsa har zuci. Ben Edlund ya zana shi a 1986 yana matashi, don wasiƙar labarai ta shagon New England Comics a yankin Boston, littafin kansa ya fara fita a 1988 da zane baƙi da fari. A fitowar farko daga asibitin masu taɓin hankali ya tsere ya shiga birni kare al'umma. Kirarinsa na shiga yaƙi kalma ɗaya ce, cokali. Yana yin dogon jawabi kan adalci, kalmomi manya-manya, ka saurara ka ga ba kai ba gindi, shi kuwa ko a jikinsa. Mataimakinsa Arthur akanta ne da ya bar aiki ya sa kaya masu fukafukai irin na ƙwaro, amma kowa ya gan shi sai ya ɗauka zomo ne. Akwai mugun da kansa kujera ce, Chairface Chippendale, wanda ya tashi rubuta sunansa a jikin duniyar wata, aka tare shi bayan harafi uku. A katun ɗin da Fox ta nuna daga 1994 zuwa 1996 rubutun nan ya ci gaba da bayyana a kan watan a shirye-shiryen da suka biyo baya. A nan marubuci ne da mai karatu suka san wasa ake yi, jarumin bai taɓa kashe maka ido ba.

A ganina salon The Tick ya fi cizo. Deadpool ɗan gida ne yana zagin gida, kuma akwai iyakar da Marvel za ta bari ya kai, tunda gobe ma za a sayar da shi tare da X-Men. Edlund ba ya cin albashin Marvel ko DC a lokacin, shi ya sa ya kawo mai kama da Superman yana ɓuya a gidan jarida, ya cika gari da ninjoji don yi wa Daredevil na Frank Miller dariya. Af, kada kowa ya ce maka Deadpool ne ya fara magana da mai karatu a Marvel. She-Hulk ta John Byrne ta riga shi, tun 1989 a bangon fitowar farko ta yi barazanar yaga littattafan X-Men ɗinka idan ba ka sayi nata ba.

Inda Deadpool ya fi The Tick shi ne nauyi. A ƙarƙashin surutun akwai mutum mai ciwon daji wanda aka yi gwaji a jikinsa, fuska ta lalace, mutuwa ta ƙi shi. Kelly yakan yanke dariyar tsakiyar shafi ya nuna maka wannan. The Tick ba shi da irin wannan ciwon, kuma bai nema ba. Sai dai Deadpool akwai jini da baƙar magana, ba na yara ba ne.

Tunda ka ce sabon shiga ne kai, fara da fitowa 12 da Edlund ya rubuta ya zana da kansa. Idan ka ɗan saba da Spider-Man da X-Men, sai ka koma kan Deadpool na Joe Kelly.