Daren Bayview daga ɗakina a Agege

Watanni biyu ke nan da na sayi na'urar wasan bidiyo ta PlayStation 2 ta hannu a wani shago a Ikeja, tare da faifan Need for Speed: Underground 2, wasan tseren motoci da kamfanin EA ya fitar a 2004. Mai shagon ya rantse mini cewa komai lafiya, amma da na isa gida sai na tarar maɓallin birki yana maƙalewa, dole na sake sayen abin riƙewa. Wannan kaɗai ne ƙorafina game da cinikin.

Idan aka ajiye hoton wasan kusa da na wasannin yau, ba shakka ya tsufa, domin gine-ginen sun yi kaushi, motar kuma ko ta daki bango ba ta lotsewa. Duk da haka, da zarar an sake ka a cikin Bayview, birnin da aka ƙirƙiro don wasan, sai ka manta da wannan. Rana ba ta fitowa a can. Kullum dare ne, kwalta tana sheƙi da hasken fitilun shaguna, wani lokaci yayyafi ya sauko ba zato, ƙarar injin kuma tana sauyawa idan ka shiga ƙarƙashin gada. Ba a tilasta maka tsere ba, kana iya yin ta zagaye unguwanni kana neman garejin da aka ɓoye a wani lungu, kuma a nan ne na fi ɓata lokaci, fiye da a gasar kanta.

Ina ganin mazaunin Legas ya fi kowa fahimtar daɗin wannan. Wanda ya yini a cikin motar haya ta danfo tsakanin Oshodi da Obalende, ya ga yadda gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, take cushewa har mota ta koma tafiyar hawainiya, idan ya sami titi fayau a gabansa, ko na ƙarya ne, sai ya ji ƙirjinsa ya buɗe. Na fara da Peugeot 206, don kawai Fijo ce, irin sunan da muka tashi muna ji daga Kaduna, kuma har yanzu ban rabu da ita ba.

Abin da bai gamsar da ni ba shi ne yadda abokan tsere suke cim maka komai nisan da ka ba su, da kuma dokar cewa sai ka lafta wa mota ado kafin ka ci gaba, ko da adon bai yi maka ba. Wanda yake son tuƙi na haƙiƙa, wasan Gran Turismo 4 ya fi dacewa da shi. Ni dai nakan kashe fitilar ɗaki bayan sallar isha'i, in rage sauti saboda maƙwabta, in hau babban titin da ya kewaye birnin har sai man janareto ya ƙare.