Muƙami ko ƙwarewa: da wanne za a raba gardi a manhaja?

Hajiya, kin ce kina da ƙaramin kilinik a unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maraɗi, kin gaji da rubuta gardi, wato rabon lokutan tsayuwa bakin aiki, a allo, kin koma manhaja, sai ta nemi ki cika abu biyu a kan kowane ma'aikaci: muƙaminsa da ƙwarewarsa. Kina tambaya wanne ya fi. Duka za ki cika, sai dai aikinsu ba ɗaya ba ne, shi ya sa manhajoji irin su Humanity da When I Work suka ba kowanne gurbinsa.

Muƙami shi ne sunan aikin da aka ɗauki mutum a kansa: likita, ungozoma, ma'aikacin jinya, mai labo, mai karɓar kuɗi, direban ambilans. Duk gardin da kika buɗe kina ɗaura masa muƙami ɗaya, manhajar kuma yawanci ba za ta kawo miki sunan kowa ba sai masu wannan muƙamin. Cika shi ba wuya, bai cika canzawa ba, kuma da shi ake lissafin albashi. Inda ya gaza shi ne, a wurinsa wadda ta fito makaranta bara da wadda ta shekara goma a ɗakin yara duk ma'aikatan jinya ne, babu bambanci.

Ƙwarewa kuwa abin da hannun mutum ya iya ne. Samun jijiyar jaririn da ruwa ya ƙare a jikinsa, sa ƙarin jini, eko (hoton ciki), farfaɗo da jaririn da aka haifa bai yi kuka ba. Ki tuna da Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake cika gadajen Maraɗi da yara. Ƙarfe biyun dare a kawo yaro yana jijjiga, tafin hannunsa fari fat. A takarda gardin ya cika, ma'aikatan jinya biyu suna nan, amma babu wanda zai iya samun jijiyar. Wannan giɓin muƙami ba ya ganinsa, ƙwarewa ce take toshe shi.

Amma a nan mutane suke zuba wa kansu ƙasa. In kika ɗora wa gardi ɗaya ƙwarewa huɗu, yawanci manhajar mutum ɗaya za ta nema wanda ya haɗa huɗun duka. Sai ki ga mutum biyu kacal suka dace, kowane dare su ne, har su gaji su ajiye aikin, sauran kuma ba su koyi komai ba. Abin da kike bukata shi ne a samu aƙalla mutum ɗaya a daren da ya iya abin. Don haka ki raba gardin gida biyu: gurbi ɗaya muƙami tare da ƙwarewar, ɗayan muƙami kawai, sabuwar ta tsaya kusa da tsohuwar hannu tana koyo.

Shawarata, ki gina jadawalin kan muƙami, ki ƙara ƙwarewa uku ko huɗu kawai, waɗanda rashinsu zai iya jawo asarar rai. Kar kowa ya rubuta wa kansa ƙwarewa. Manjo, wato shugaban ma'aikatan jinya, shi ne zai gani da idonsa sannan a saka. Ki duba kuma ko manhajar hana sanya wanda bai dace ba take yi, ko gargaɗi kawai take bayarwa. A ɗakin haihuwa ki zaɓi hanawa, a wurin karɓar kuɗi gargaɗi ya isa.

Abu ɗaya da babu ruwan muƙami da ƙwarewa da shi: awoyi. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 ta sa awa 40 a mako, kuma manhajar da aka ƙera a waje ba za ta san haka ba sai kin shigar da kanki, tare da hutun da ya kamata mutum ya samu bayan ya sauka daga gardin dare.